Amsa ga Alhaji kan gidajen haya a Catskill: a gwada ƙasar kafin a zana komai

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah Ya sanya albarka a filin, Ya sa a mora. Ka ce ka sayi eka 5 a wani ƙaramin gari a yankin tsaunukan Catskill da ke jihar Niyok ta Amurka, kana son jera ƙananan gidajen katako guda 6 masu ɗaki biyu-biyu don haya ga masu zuwa hutu. Sai ofishin garin suka ce babu izinin gini sai kwamitin tsara gari ya duba taswirar filin, har da inda sokawe zai zauna. Kana tambaya ta ina za ka fara, kuma ko za a iya haƙa rami ɗaya babba irin na gida a huta.

Na daɗe ina aiki tare da injiniyoyi masu zana sokawe a wannan yankin, ni ne mai fita fili da ma'auni da jarkar ruwa, kuma ina raka su zaman kwamiti. Abin da zan roƙe ka tun farko shi ne ka ajiye lambar nan 6 a gefe tukuna. Ƙasar filin ce za ta faɗi yawan gidajen da za ta ɗauka, kuma duk wanda na ga ya sha wuya a gaban kwamiti, da wuya ka samu ba daga nan matsalarsa ta taso ba.

Maganar rami irin na gida, ka cire ta a rai, ba za ta wuce ba. Tsarin sokawe na wannan yankin kashi biyu ne. Akwai tanki rufaffe, yawanci na kankare, inda najasa ke kwanciya a ƙasa, maiƙo ya taso sama. Ruwan tsakiya shi ke fita ya bi bututu masu huda da aka shimfiɗa a dogayen ramuka marasa zurfi, wajen ƙafa 2, ya riƙa tsatsafowa cikin ƙasa a hankali. Dalilin rashin zurfin shi ne ƙananan halittun da ke tace ruwan suna rayuwa ne a ƙasar sama inda iska ke shiga. In ka nutsa ramin, ka wuce su, ƙazantar ta gangara kai tsaye cikin ruwan da kai da maƙwabtanka za ku sha, tunda a can yawancin mutane rijiyar burtsatsensu suke sha.

Gwajin da ake yi iri biyu ne. Na farko, a kawo motar haƙa ta buɗe rami mai zurfin ƙafa 6 ko fiye, injiniya ya duba bangon ramin. Yana neman inda dutse ya fara, da kuma ɗigo-ɗigon toka da launin tsatsa a jikin ƙasar, waɗanda ke nuna inda ruwan ƙasa ke tasowa idan ƙanƙara ta narke. Ko da ka je a watan Agusta ka tarar ramin a bushe ƙayau, alamun nan suna nan. Na biyu, a haƙa ƙananan ramuka, a jiƙa su tun jiya, sannan a zuba ruwa inci 6 a ƙirga mintunan da zai ɗauka kafin ya ragu da inci 1, a maimaita har lokacin ya daidaita. Ƙa'idar lafiya ta jihar Niyok, wadda ake kira Appendix 75-A, tana karɓar tsarin da aka saba idan sakamakon yana tsakanin minti 1 zuwa 60, kuma akwai ƙasa mai amfani ƙafa 4 a saman dutse ko ruwan ƙasa. To a Catskill samun ƙafa 4 ɗin nan ba ƙaramin arziki ba ne. Ƙasar duwatsu ce, wani wurin shebur bai gama shiga ba ka ji ya daki fa. Idan haka ta faru ba a rasa mafita, ana kawo yashi da ƙasa daga waje a yi tudu a shimfiɗa bututun a ciki, wani lokacin da famfon tura ruwa. Amma kuɗin na iya ninkawa, kuma wani tsarin sai an bar ƙasar da aka zuba ta yi hunturu guda ta zauna.

Sai tazara, wadda ita ke cinye filin mutane. Wurin tsatsafar ruwa dole ya nisanci rijiya da ƙafa 100, har rijiyar maƙwabci, kuma idan rijiyar tana gangare inda ruwan zai bi, ƙafa 200. Rafi ko tafki ko fadama, ƙafa 100. Gini ƙafa 20, iyakar fili ƙafa 10. Tanki kuma ƙafa 50 daga rijiya. Gangaren da ya wuce kashi 15 cikin 100 ba ya ɗaukar tsarin da aka saba. Sannan a ware wani wuri na ajiya da ba za a yi gini ko ajiye mota a kai ba, don ranar da na farkon ya gaji. Ka zauna da safiyo ya zana waɗannan da'irori a kan eka 5 ɗinka, za ka ga abin da ya rage da idonka.

Yanzu lissafin da nake so ka yi da kanka. Ana ƙiyasta galan 110 a rana ga kowane ɗakin kwana idan kayan banɗakin na zamani ne. Gidaje 6 masu ɗaki biyu ɗakuna 12 ke nan, galan 1,320 a rana. Da zarar ka kai galan 1,000 a rana, ka fita daga sahun gida ka shiga hannun hukumar kare muhalli ta jiha, DEC, kana buƙatar izininta na zubar da ruwa a ƙasa. Gidaje 4 kuma galan 880 ne. Haka nan wurin kwanan baƙi da zai ɗauki mutum 11 ko fiye yana buƙatar izinin hukumar lafiya, kuma rijiyar da ke ba gidaje 5 ko fiye ruwa ana iya ɗaukarta a matsayin ruwan jama'a, da gwaje-gwajenta na kai a kai. Ban ce ka rage buri ba. Ina so ne ka san cewa tsakanin 4 da 6 akwai ƙarin ofisoshi da ƙarin watanni, ka yanke shawara kana sane.

Ka kuma bincika yau ɗin nan ko filin yana cikin yankin da birnin Niyok ke samun ruwan sha. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da muke sha a birnin Niyok daga madatsun yankin Catskill da na kogin Delaware yake zuwa, irin su Ashokan da Pepacton da Cannonsville da Neversink. Tun yarjejeniyar da birnin ya yi da garuruwan yankin a 1997, hukumar kare muhalli ta birnin, DEP, tana da ta cewa a kan sokawe a can, kuma sharuɗɗanta sun fi tsauri.

Shi kwamitin kuwa, kada sunan ya tsorata ka. Mutanen garin ne, biyar ko bakwai, manomi da malamar makaranta mai ritaya da mai shago, suna zama galibi sau ɗaya a wata da daddare. Kafin ka je wurinsu, ka sami jami'in da ke kula da dokar gini ka tambaye shi abu ɗaya: shin dokar garin ta yarda da gidajen haya na ɗan lokaci a sashen da filinka yake? Garuruwa da yawa a yankin sun yi sababbin dokoki saboda Airbnb, manhajar ba da hayar gidaje na ɗan lokaci. Idan bai halatta ba, wani kwamiti ne daban ke ba da sassauci, kuma samun irin wannan sassaucin yana da matuƙar wuya. Idan ya halatta, ka nemi a sa ka a zaman share fage, ka je da zane na wucin gadi. A nan za su gaya maka abin da suke son gani: hanyar da motar kashe gobara za ta shiga ta juya, wurin ajiye motoci, fitilu, bola, inda ruwan sama zai bi, rijiya da sokawe. Za ka cike takardar nazarin muhalli ta dokar jiha da ake kira SEQRA. Idan filin yana cikin ƙafa 500 daga titin jiha ko na gunduma, sai an tura wa ofishin tsare-tsare na gunduma, su ma suna da kwana 30. Idan za ka share ƙasa eka 1 ko fiye, akwai takardar ruwan sama daban. Yawanci kuma za ka ajiye kuɗin da za a biya injiniyan da zai duba wa garin takardunka. Doka ta ba kwamitin garin kwana 62 bayan zaman jin ra'ayin jama'a su yanke hukunci, amma kafin a kai wannan zaman ne lokaci ke tafiya, domin duk abin da ya ɓace a takardunka wata guda ne ya tafi.

Akwai shawarar da wasu 'yan'uwa ke bayarwa, wai ka nuna musu gidaje 3, sauran ka ƙara daga baya a ɓoye. Don Allah kada ka bi ta. Dokar muhallin ba ta son a yanyanka aiki don a kauce wa dubawa, kuma a ƙaramin gari babu motar siminti da za ta wuce ba a gani ba. In kana son yin aikin kashi-kashi, ka faɗa, a zana duka a taswira, a amince da shi haka.

Maƙwabta kuma, mu Hausawa ba sai an koya mana wannan ba. Ka je ka gaishe su kafin takardar sanarwa ta riske su. Damuwarsu ba ta wuce hayaniyar dare, motoci, hasken fitila da rijiyarsu. Na ga zaman da aka zata zai yi zafi ya ƙare cikin 'yan mintuna saboda mai filin ya riga ya zauna da kowa ya nuna masa inda sokawen zai kasance. Na san wasunmu na fargabar a ƙi su saboda launin fata ko addini. Kwamiti dole ya kafa hukuncinsa a kan dokar garin da abin da ke rubuce, kuma wanda aka zalunta yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu. Shi ya sa nake cewa komai a rubuce, ka kuma ajiye kwafin bayanan kowane zama.

Idan kana shirin sayen gidajen da aka haɗa a masana'anta, kada ka ba da kafin alƙalami sai sakamakon gwajin ƙasa ya fito kuma ka ji ta bakin kwamiti. Ka kuma tambayi mai sayarwar ko ginin yana ɗauke da tambarin amincewar jihar Niyok. Rumfar ajiye kaya da aka yi wa kwalliya ba za ta samu takardar izinin zama ba, kuma ba tare da takardar nan ba baƙo ko ɗaya ba zai kwana a ciki bisa doka ba.