Amsa: me ya sa wuta ba ta gyaru ba bayan sayar da NEPA?

Malam, ka tambaya me ya hana wuta gyaruwa tunda an miƙa ta ga ƴan kasuwa a 2013. A ganina, kuɗin ne ba ya zagayawa. An raba PHCN, wato kamfanin da ya gaji NEPA, aka sayar da kashi 60 cikin ɗari na hannun jarin kamfanonin rarraba wuta, layukan dakon wuta kuma suka ci gaba da zama a hannun gwamnati ƙarƙashin kamfaninta na dakon wuta, TCN. Idan mai rarrabawa bai tara kuɗi ba, mai samar da wuta ba ya samun haƙƙinsa, shi kuma ya kasa biyan mai iskar gas, sai injin ya tsaya.

Sharaɗin gyaran da na gani da idona shi ne mita. A layinmu, lokacin da ake kawo mana bil na ƙiyasi, tela da mai injin markaɗe duk ƙin biya suke yi, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, wata guda cikin duhu a ce ka biya. Da aka saka mitar kati, kowa ya koma saye da kansa, har ana kashe ƙwai da rana. Mai zuba jarin da bai fara da mita da taransifoma ba, ni ban yarda da shi ba.