Yaya, ga amsar tambayarka ta daren jiya a Tudun Wadar Kaduna

Jiya a wurin mai shayi ka tambaye ni wai mu Hausawan Ghana ya muke yi da masu tsattsauran ra'ayi, kafin in buɗe baki wani a gefe ya ce ai mu addinin namu ne ya yi sanyi shi ya sa ba a jin kanmu, aka kwashe da dariya, nima na yi dariyar amma wallahi maganar ta kwana min a rai. Toh kafin in kama hanyar Kumasi jibi bari in faɗa maka yadda abun yake.

Mu fa ba baƙi bane a can. Kakanmu da ni da kai ɗaya ne, fataucin goro ya kai shi Gwanja, daga Salaga ya gangaro Kumasi ya zauna. Abun da ya raba gidanmu biyu shine 1969, da gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita cikin sati biyu. Baffa ya kwashe ku ya taho nan, babana ya tsaya saboda matarsa, wato innata, Batoniya ce, 'yar ƙabilar Asante, danginta ne suka ɓoye shi a ƙauyensu cikin gonar koko har ƙura ta lafa. Kiristoci ne fa. Don haka in an ce min auren Tonawa ya ɓata mana jini sai in rasa ta cewa, ba don auren nan ba da ba ni a duniya ma. Innata ta musulunta, ta je Makka, ƙanwarta kuma har gobe tana zuwa coci, ranar Sallah kuma ita ce ke zama kan tukunyar tuwo tun asuba.

Kuma nan ne amsar tambayarka take in ka duba. Musulmi a Ghana kusan kashi 20 cikin 100 ne a ƙidayar 2021, yaron da zai tashi a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi ya ce zai yaƙi kafirai toh da gidan kawunsa zai fara. Ba wai mun fi ku hankali bane, mu ma an yi ta ba hamata iska tsakanin 'yan Tijjaniyya da Ahlussunna a shekarun 1990, an fasa kawuna akan wa'azi da lasifika, kuma a 2015 wani matashi da ya gama jami'ar Kumasi ya tafi ya shiga ƙungiyar 'yan ta'adda ta IS, hankalin kowa ya tashi. Amma akwai inda ake kai ƙara. Sarkin Zongo, wato unguwar Hausawa da sauran musulmi, na nan, limamai na nan, sama da su kuma ga Babban Limamin ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda a 2019 yana cika shekara 100 ya shiga cocin Katolika a Accra ranar Ista ya zauna. Wasu sun yi gunaguni ba zan ɓoye maka ba, amma ba wanda ya ɗaga sanda.

Na ga a nan Kaduna da aka kawo maganar lasisin wa'azi a 2016 malamai da fastoci duk sun tada jijiyar wuya. Mu namu lasisin baki ne. Baƙon malami ya sauka unguwa ya fara kafirta mutane, kafin Juma'a ta zagayo tsofaffi sun kira wanda ya sauke shi sun tambaye shi daga ina baƙon nan, wa ya karantar da shi, wa ke biya masa kuɗin ɗaki. Yawanci a nan maganar ke mutuwa.

Inda abun ke min ciwo shine ɓangaren gwamnati. Tunda wuta ta kama a Burkina Faso, wadda muke iyaka da ita ta arewa, aka shiga maganar tsaro ba dare ba rana, a 2022 ma'aikatar tsaron ƙasa ta fito da shirin in ka ga abu ka faɗa, a kira 999. Shirin ba laifi. Amma wa ake gani? Mai gemu da ɗangalallen wando, Bafulatani mai sanda, ɗan Zongo. Ni da kaina an sauke ni daga mota a wani shinge a hanyar Tamale, jami'in ya juya katin ɗan ƙasata gaba da baya ya ce daga ina nake asali, na amsa masa da Tonanci tsantsa wanda ya fi nasa daɗi, sai ya yi murmushi ya miƙo min. Wanda ke bayana bai iya yaren ba, mun bar shi a tsaye. Kuma ba mu manta 2018 ba da 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Asawase a Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, daga baya kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce babu hujjar hakan.

'Yan siyasa kuwa sun gano Zongo ƙuri'a ce kuma abun tsoro ce lokaci ɗaya. A 2017 shugaban ƙasa na lokacin Akufo-Addo ya buɗe ma'aikata guda ta raya Zongo da asusunta, aka yi filayen ƙwallo masu ciyawar roba da 'yan ajujuwa, a wa'adinsa na biyu kuma aka rushe ma'aikatar. Duk da haka da jam'iyyarsa ta tsayar da Bawumia musulmi takarar shugaban ƙasa a 2024 Zongo da yawa abokin hamayyarsa Mahama suka bi, don tsofaffinmu har yanzu suna kallon jam'iyyar nan a matsayin jikokin Busia. Yanzu ɗan majalisar Asawase, Muntaka Mubarak, shi aka ba ministan cikin gida a 2025, 'yan sanda na ƙarƙashinsa, muna zuba ido.

Sai maganar Hausarmu da yaranka ke kwaikwayo suna faɗuwa da dariya, wai na ce matata ya tafi kasuwa. Eh haka muke faɗa, mace da namiji duk ya ne a bakinmu. Amma je Accra da safe ka ga layin masu sayen koko da ƙosai, da waakye wanda wake ne kawai aka lanƙwasa sunan, har tuwon zafi duk ƙasar da sunanmu take kiransa.

Abun da ya ban mamaki a nan shine da na ce zan tsallaka gada in je Sabon Tasha, ɓangaren da Kiristoci suka fi yawa, gaida wani abokin kasuwancina, Hajiya ta riƙe min riga ta ce in tabbatar na dawo kafin magariba. Na san rikicin addinin da kuka gani a 2000 da 2002, ban raina tsoronta ba. Na je, matarsa ta dafa min doya da miyar ganye, na yi la'asar a falonsu, na dawo da saura a kula na kawo wa Hajiya, ta dai karɓa ta ajiye ban san ko ta ci ba.