Tambayi Likita: Idan Wurin Aiki Ya Fara Taɓa Lafiya

Tambaya: Likita, a Ƙofar Kaura nake zaune, ina aiki a wani ofis. Oganmu kullum tsawa, gaban jama'a yake ci mini mutunci, ga aikin mutum uku a kaina. Yanzu da na ga kiransa a waya sai gabana ya faɗi, da yamma kaina ya yi ta sarawa. Hawan jini ne?

Amsa: Malam, sannu, Allah Ya kawo sauƙi. Ba a gane hawan jini da ciwon kai, domin yawancin masu shi ba sa jin komai. Awo ne ke nunawa. Ka je asibiti a auna ka bayan ka zauna ka huta kamar minti 5, a kuma maimaita wata rana. Idan yana kai 140/90 ko sama, a nan za a fara maganar magani.

Faɗuwar gaban nan kuwa gaskiya ce, ba raki ba ne. Idan mutum ya tsorata, jiki na sakin sinadaran adiranalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin wuya da kafaɗa su ɗaure. An yi su ne don haɗari na ɗan lokaci, kai kuma kullum cikinsa kake, daga Litinin zuwa Juma'a. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa gajiyar da ke cinye ma'aikaci daga matsin aiki mai tsawo take fitowa: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga rai, ƙwazo ya ragu. Ina son shugabanni su ji wannan, domin sau da yawa ana kiran mutum malalaci alhali wurin ne ya gajiyar da shi. Ka rage gishiri da magi, ka riƙa tafiyar ƙafa bayan la'asar, ka kuma nemi canjin sashe a rubuce. Idan ka ji nauyi a ƙirji, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya mutu, asibiti nan take.

Tambaya: Daga Daura nake. Ina da ciki wata bakwai, tsaye nake wuni a shago, mai shagon ya hana ni zuwa awo, wai in na gaji in bar aikin.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ya ɓata mini rai. Awo ba alfarma ba ne. A nan ake gano hawan jinin ciki tun kafin ya kai ga jijjiga. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa da takardar likita, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aikin. Ki karɓi takarda a wurin awo ki kai masa, ki tafi da mijinki ko wani babba da yake jin nauyinsa. Ki nemi kujera. Idan fuska ko hannu suka kumbura, ko kai ya matsa da ciwo, ko gani ya dushe, kada ki tsaya neman izinin kowa.

Tambaya: Tunanin aiki ya hana ni barci, ga ciwon ciki. Mai kemis yana ba ni ƙwayar barci da maganin rage ciwo diclofenac.

Amsa: Ɗan'uwa, ka dakatar da diclofenac yau. Shi da ibuprofen suna cin bangon ciki, su da ƙwayar cutar H. pylori ne manyan masu jawo olsa, damuwa kuma tana ƙara zafin. Ƙwayar barci irin diazepam tana kama jiki, idan ka daɗe kana sha kada ka yanke ta farat ɗaya, likita ne zai rage maka a hankali. Idan ƙunci ya wuce mako biyu, abinci ya fita ranka, ko tunanin mutuwa ya fara zuwa, ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ka nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ka tafi da duk ƙwayoyin da kake sha a leda ya gani.