Ga mai son zuwa Legas aikin kuku

Ɗana, saƙonka ya iso. Ba kai kaɗai ke turo mini irinsa daga Damagaram ba, shi ya sa zan amsa a fili kowa ya karanta, in huta da maimaitawa. Ka ce ka gama makaranta babu aiki, kana kallon bidiyon girki a waya har ka iya soya shinkafa irin ta 'yan Chana, don haka in samo maka gidan Bature ko Balarabe ka zama kuku kamar ni.

Bidiyo zai nuna maka yawan gishirin da za ka zuba, amma ba zai gaya maka gidan wa ka shiga ba. Abincin kowane gida ɗaure yake da addinin masu shi da hannun kakarsu, kai kuwa baƙo ne da aka ɗauko ya kwaikwayi wannan hannu.

Ɗauki Indiyawa, waɗanda suka fi yawa wajen Ilupeju. Da yawansu ba sa cin nama, wasu ko ƙwai ba ya shiga gidansu. Na yi aiki gidan masu addinin Jain, inda albasa da tafarnuwa da dankalin turawa da karas duk ba a taɓa su, domin a wurinsu tono abu daga ƙasa kashe ƙananan halittu ne. Abincin dare ma so suke a ci kafin faɗuwar rana. Kai da ka tashi ba ka san miya ba albasa ba, yaya za ka fitar da ɗanɗano? Kuma ko a boskwata aka ji ƙanshin kilishi a jakarka, ranar ka gama aiki. A gidajen Hindu masu cin albasa ma, idan kwana tara na bikin Navratri suka zo, da yawa ajiye ta suke yi. Sai ka tsaya gefen uwargida ka ga yadda take zafafa man shanu a ɗan ƙaramin kasko, ta jefa ƙwayar kumin, ta jira ya fara tsalle, ta juye kan waken da suke kira dal ya yi cuuu. Tsakanin ƙanshi da ƙauri numfashi ɗaya ne, kuma daga falo take sanin ka wuce lokaci. Gurasarsu roti kuwa, in ba ta kumbura a kan wuta ba, dawo maka da ita za a yi.

Gidajen 'yan Labanan na fi daɗewa, a Apapa da Victoria Island. Kakannin wasunsu tun ƙarshen ƙarni na 19 suka fara zuwa ƙasar nan, amma bakinsu na can ƙauyen da suka baro. Kafin ka kunna gas, ka san Musulmi ne ko Kirista. Gidan 'yan Shi'a kada ka kawo tarwaɗa, ba sa cin kifin da ba shi da ɓawo. Gidan Kirista kuwa akwai azuminsu na kafin Ista, akwai kuma giya a tebur. Kibbe, wato niƙaƙƙen nama da alkama, shi ne ma'aunin kuku a wurinsu, musamman ɗanye. Da asuba za ka kama hanyar mayankar Oko-Oba a Agege, ka zaɓo tsokar da ba kitse, ka zare jijiya ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, ka riƙa tsoma hannu a ruwan ƙanƙara kana murza naman da ɓarzajjiyar alkama don kada ɗumin tafinka ya ɓata shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan kayanmu a tukunyarsu. Riɗin da muke yin kantu da shi, shi suke niƙawa ya zama tahina. Mulukiyar da suke ji da ita lalo ne, wanda Yarabawa ke kaɗawa su ci da amala, sai dai su 'yan Labanan ba sa son yauƙi: ganyen suke bari sukutum, su dafa da kaza da tafarnuwa, su matsa lemun tsami.

Gidan 'yan Chana magana ɗaya ce: naman alade da giyar shinkafa a cikin girki. Ka tambaya kafin ka karɓi aiki, kada sai yunwa ta kama ka ka fara neman fatawa. Ni na bar albashi mai tsoka saboda haka, kuma ban yi nadama ba.

Ko Yarabawan tsibirin Legas kada ka ɗauka ka san su. A unguwar Popo Aguda akwai jikokin waɗanda suka dawo daga Barazil a ƙarni na 19, kuma ranar Juma'ar da ke gaban Ista sai an yi musu firejon, wake da madarar kwakwa, yadda kakanninsu suka zo da shi.

Sannan sana'ar tana da masu ita. Mutanen Togo da Kwatano ne suka riƙe kicin ɗin manyan gidaje, sun iya girkin Faransa, kuma gurbi na buɗewa ɗan'uwansu suke kira. Faransancinka zai ɗan taimaka maka, shi ke nan. Bahaushe kuwa, da ya ƙwanƙwasa ƙofa, maigadi ake gani ko mai tsire. Na sha jin ana tambayar ejan, wato dillalin da ke samo wa mutum aiki, a gabana ko ina wanke hannu.

Ejan ɗin nan shi ke cinye albashinka na watan farko, kuma ba garanto ba aiki. Amma abin da har yau yake ci mini rai daban ne. A wani gida agogon maigida ya ɓace. Ba a tambayi kowa ba sai ni, aka zazzage kayana a tsakar gida gaban yara, na kwana a bayan kanta. Da aka tsinci agogon a ƙarƙashin kujerar mota, ko sannu ba a ce mini ba, sai cewa aka yi in ɗora abincin rana. Mutanen da suke cin abin da hannuna ya dafa safe da dare, su ne suka ware mini kofina daban. Ranar Sallah kuma kada ka sa rai da hutu, in da baƙi, daga masallacin idi kicin za ka wuce da sabuwar rigarka.

Duk da haka da wuƙar nan na gina gida a Damagaram, na kai kakarka Makka. Wata tsohuwa da ta zo daga Labanan ganin jikokinta ta ɗanɗana kibbena, ta sa aka kira ni falo, ta tambayi wace mace ce ta koya mini. Yanzu in za su yi biki ni ake nema, kuma ni ke faɗin kuɗina. Gumi ne ya kawo wannan, ɗana, hoton Facebook bai nuna maka ƙunar da ke hannuna ba.

In har yanzu kana so, to ga sharaɗina. Mahaifiyarka ta kira ni da bakinta ta ce ta yarda. Ka zo da takardunka cikakku, domin tun da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025 bai kamata ka kama hanya da hannu biyu ba. Kuɗin mota kai za ka nema. In ka iso, ba kicin za ka fara ba: kasuwar Mile 12 za ka riƙa bi na da asuba kana ɗaukar kwando, har ka iya bambanta tumatirin miya da na salak, sannan wanke-wanke na shekara guda. Tabarma akwai a ɗakina, katifa babu.