Karyewa, Lanƙwashewa ko Karkacewa: Me Ke Samun Haske a Cikin Ruwa?

Wani malamin kimiyya daga Gwale ya aiko da tambaya kan kalmar da ta dace da abin da ke samun haske idan ya bar iska ya shiga ruwa ko gilashi, domin ɗalibansa sun rabu uku tsakanin karyewa da lanƙwashewa da karkacewa.

Malam, lanƙwashewa ita ce ta fara fita, domin abin da ya lanƙwashe yakan yi gantsarwa a hankali, alhali haske miƙe yake tafiya a iska, miƙe kuma a ruwa, a bakin iyakar nan kaɗai yake sauya alƙibla farat ɗaya. Karyewa tana da hujja, don duk wanda ya tsoma muciya a ruwa zai ga kamar ta karye, amma wannan bayanin abin da ido ya gani ne, kuma a Hausa abin da ya karye ya samu lahani, haske kuwa lafiya lau yake wucewa. Ni dai karkacewa na zaɓa, domin mai karkacewa bai daina tafiya ba, hanya kawai ya sauya.

Saboda haka adadin da ke nuna yadda abu kamar ruwa ko gilashi ke karkatar da haske sai mu kira shi ma'aunin karkacewar haske. Dalilin karkacewar shi ne raguwar gudu: haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa a sararin da babu komai, a ruwa kuwa kimanin 225,000, kuma raba na farko da na biyu shi ke ba da ma'aunin ruwa, wato 1.33. Na gilashi yana wajen 1.5, na lu'ulu'u, wato daimon, 2.42. Idan tsakanin abu biyu ake kwatance, kamar haske ya fita daga ruwa ya shiga gilashi, sai a raba 1.5 da 1.33 a samu kusan 1.13. Ya kamata ɗalibai su san cewa masanin lissafi Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar karkacewar haske a Bagadaza wajen shekarar 984, tun kafin masani Snell na ƙasar Holan ya kai gare ta a 1621.

Malamin ya kuma tambayi ko karin maganar nan, "ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima", ta shafi wannan darasi. Ma'anarta ita ce gogaggen mutum yana iya kintace ko ba ma'auni, kamar yadda mai sayen hatsi a Dawanau ke duban tsibi ya faɗi yawansa. A kan zurfin ruwa kuwa gaɓar farko ce ke aiki, domin ido yana zaftare kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wannan na cikin abin da ke yaudarar yara a kududdufan birni da damina. A jefa tsaba a bokiti mai ruwan santimita 40, a leƙa ta sama tsaye, za a hango ta kamar a santimita 30. Raba zurfin gaskiya da wanda ido ya nuna zai sake ba ɗalibai 1.33.