Lasisin Banki, Bayan Kati da Inda Ake Kai Kuka

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan magana kusan ɗaya, sai na ɗebi uku. Sauran ku yi haƙuri, hunturun Jos ya sa yatsun tsoho ba sa sauri.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada. Kuɗin tumatir da kabeji na manoma kan kwana a hannuna, wani lokaci ya haura naira miliyan 6 kafin in sallame su. Yarana sun buɗe mini asusu a waya, ga kuma tsohon asusuna na banki. Yau kowa banki yake kiran kansa. Ta yaya zan gane wanda gwamnati ta sani? In ya rushe, ina makomar kuɗin mutane? Daga wani dillali, Farin Gada.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Wanda ke ba da izinin karɓar ajiyar jama'a a ƙasar nan ɗaya ne, wato Babban Bankin Najeriya, CBN, wanda ya fara aiki a 1959. Jerin duk waɗanda ya ba lasisi yana shafinsa na intanet, cbn.gov.ng. Ka sa ɗaya daga cikin yaran nan ya buɗe maka, ka ce ya karanta sunayen da ƙarfi. Sunan da ba ya ciki, ko da benensa ya kai sama, kada ka kai masa ko sisi.

Sai dai lasisin ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutane ke ruɗewa. Bankunan kasuwanci hawa uku ne. Akwai masu izinin aiki har ƙasashen waje, irin su First Bank, UBA, Zenith, Access, GTBank, Fidelity da FCMB. Akwai na cikin ƙasa, irin su Stanbic IBTC, Sterling, Wema da Ecobank. Akwai kuma na shiyya. A watan Maris na 2024 CBN ya ce na hawan farko su tara jarin naira biliyan 500, na biyu biliyan 200, na uku biliyan 50, ya ba su wa'adi zuwa ƙarshen Maris na 2026. Irin wannan umarni shi ke sa bankuna haɗewa, suna ya ɓace, wani ya fito. Ni na ga haka da idona ina bayan kanta a titin Ahmadu Bello: a 2004 aka ce kowane banki ya kawo biliyan 25, kafin 2005 ta ƙare bankuna 89 sun koma 25. Wata tsohuwa ta zo da littafin ajiyarta tana neman bankinta, ta tarar an sauya fenti da suna, ta zauna a kan benci tana salati, sai da na fito na nuna mata kuɗinta cif a kwamfuta. Don haka jerin da ka gani bara, bana ka sake dubawa.

Na wayar da yaranka suka buɗe maka ba na bogi ba ne don kawai ba su da reshe a Taminus. Moniepoint da Kuda lasisin ƙaramin banki gare su. OPay da PalmPay kuma lasisin hada-hadar kuɗi ta waya. Duk CBN ya san da su, amma ba bankunan kasuwanci ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi shafarka. Akwai hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda aka kafa a 1988, kuma za ka ga tambarinta manne a ƙofar banki. A 2024 ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan bankin kasuwanci ya rushe, daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5. Na ƙaramin banki kuwa daga dubu 200 zuwa miliyan 2. Ba tatsuniya ba ce: ranar 3 ga Yuni 2024 CBN ya soke lasisin bankin Heritage, NDIC ta bi lambar BVN ta mutane, wato lambar tantance mai asusun banki, tana tura musu kuɗi a asusunsu na wasu bankuna. Wanda ajiyarsa ta wuce miliyan 5, ragowar sai an sayar da kadarorin bankin an karɓo basussuka, kuma wannan jira ne da manomin Bokkos ba zai yi da kai ba.

Shawarata, kada miliyan 6 ɗin nan ta kwana wuri ɗaya. Raba ta banki biyu daban. Lura, banki biyu na ce, ba asusu biyu ba, domin asusu biyu da sunanka a banki ɗaya haɗa su ake yi a lissafa ɗaya. Na waya ka bar shi na cinikin rana, da yamma ka kwashe.

Tambaya: Baba, ina wuni. Malamar firamare ce ni a Anguwan Rogo. Na je cire naira dubu 40 wurin mai POS, injin ya ce bai yi ba, amma alat ya shigo an cire. Kwana biyar shiru. Na rubuta kukana a ƙarƙashin shafin bankin a Facebook, ba a jima ba wani ya kira ni ta WhatsApp, ya ce daga hedikwata yake, in karanta masa lambar katina da lambar da za a turo mini. Gabana ya faɗi na kashe wayar. Ta ina ake samun banki na gaskiya? Daga 'yarka, Anguwan Rogo.

Amsa: Lafiya lau 'yata. Faɗuwar gaban nan ita ta cece ki. Wancan ɗan damfara ne, aikinsu ke nan, su yi kwanto a ƙarƙashin shafukan bankuna suna jiran mai kuka. Sun san wanda kuɗinsa ya maƙale ba ya tsayawa tambayar wane ne. Ma'aikacin banki ba ya neman lambar sirrin kati, ko lambobi ukun nan na baya, ko lambar nan ta wucin gadi da ake turowa a saƙo. Ba kirki ne ya hana shi ba, ba ya buƙatarsu ne, asusunki na gabansa a buɗe.

Juya katin cirar kuɗinki. Lambar wayar da ke bayansa ita ce ta bankin, don shi ya buga katin. Tana kuma cikin manhajar bankin da jikin allon da ke reshe. Lambar da kika samo ta bincike a intanet, ko wadda wani ya turo a rukunin WhatsApp na malamai, ki ɗauka ba ki gan ta ba.

Akwai kuma gajerun lambobin da ake dannawa ko da ƙaramar waya ce: *894# na First Bank, wanda ya ɗauko daga shekarar kafuwarsa 1894, *919# na UBA, *966# na Zenith, *901# na Access, *737# na GTBank. Waɗannan na duba kuɗi ne da turawa, daga layin da kika buɗe asusu da shi. Ba a kai ƙara ta nan. In kuma BVN kika manta, *565*0# zai nuna miki, lambobi 11.

Batun dubu 40 kuwa, tun 2020 CBN ya ce cinikin POS da ya lalace a mayar da kuɗin cikin awa 72. Naki ya wuce. To kada ki tsaya a waya, ki je reshe da ƙafarki. Rubuta takarda zuwa ga manaja: sunanki, lambar asusu, rana da lokaci, adadin kuɗi, ki haɗa da risitin da injin ya fitar in mai POS ya ba ki, da hoton alat. Kwafi biyu. Su buga hatimi a kan naki. Sannan ki ce a ba ki lambar bin diddigin ƙorafi, kada ki fito sai da ita. Zan faɗa miki abin da mu na ciki muka sani: kukan baki a gaban kanta, da kin juya baya ya bi iska, amma ƙorafin da ya samu lamba ya shiga kwamfuta, akwai wanda za a tambaya dalilin da bai rufe shi ba.

Kada kuma wani ya ce sai kin nemi hedikwata. Yawancin hedikwatocin suna Legas, a Marina ko Victoria Island, kuma takardar da kika miƙa a Jos can take zuwa.

In mako biyu ya cika ba a warware ba, sai ki wuce gaba, zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN. Ana aika musu ta imel a cpd@cbn.gov.ng, ko ki kai takardar reshensu na nan Jos, don suna da reshe a kowace jiha. Ki sa lambar ƙorafin nan da kwafin mai hatimi, saboda abin da za su fara tambaya shi ne ko kin kai wa bankinki tukuna. Kyauta ne. Ko a wannan takardar kada ki rubuta lambar sirri.

Tambaya: Malam, shekarata 71, kuɗina a gida nake ajiyewa saboda tsoron riba. Jikokina sun dame ni da maganar bankin Musulunci. Shi ma gwamnati ta san da shi? Daga wani dattijo, Gangare.

Amsa: Ranka ya daɗe Yaya, ta sani. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, dukansu hedikwatarsu na Abuja, sai Lotus a 2021. Lasisinsu na banki marar kuɗin ruwa ne daga CBN, kowanne yana da kwamitin malamai masu duba harkokinsa, kuma NDIC ta rufe ajiyarsu a wani asusu da ta keɓe musu. Sai dai ka sani, rashin riba ba ya nufin komai kyauta. Za a cire kuɗin kati da na saƙon alat, in kuma suka saya maka kaya ta hanyar murabaha, da ribar ciniki za su sayar maka, a faɗa maka adadinta tun farko.

Ran da za ka je, ka riƙe takardar NIN, hoton fasfo biyu da takardar kuɗin wuta ta gidanka. Ka tafi da jika ya cike maka fom, amma lokacin zaɓen lambar sirri ka ce ya je ya sayo maka goro.