Tiyatar cire mahaifar karya: allurar barci da maganin zafi

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina da karya mai gadin gida, ina so a yi mata aiki ta daina haihuwa, amma an ce min allurar barci tana kashe karnuka. Gaskiya ne? Daga wani magidanci a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Hatsarin yana nan, amma kaɗan ne ga dabba mai lafiya. Wani babban bincike da aka wallafa a Ingila a 2008 ya gano cewa cikin lafiyayyun karnuka wajen 1,800 da aka sa barci, ɗaya ne ke mutuwa, alhali a marasa lafiya abin ya kai ɗaya cikin 75. Shi ya sa nake dagewa a duba karya kafin ranar aiki: a saurari zuciyarta, a auna nauyinta don da shi ake lissafin magani, a gwada jininta. Karnukanmu suna fama da kaska, kuma cututtukan da kaska ke kawowa suna rage jini, wasu har su hana shi daskarewa. Idan gwaji ya nuna haka, magani ake fara yi, a ɗage aikin. Haka nan idan tana lokacin barbara, a jira wata 2 zuwa 3, domin jijiyoyin mahaifa suna cika da jini a lokacin. Tsawon lokacin da za a hana ta abinci kafin aiki kuwa, likitanka zai faɗa maka, ka bi shi sau da ƙafa, saboda amai cikin barci yana iya shiga huhu.

Tambaya: Likita, tunda za ta yi barci, me ya sa aka rubuta min kuɗin maganin zafi daban? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, wannan kuɗin bai kamata a rage shi ba. Sa barci daban, kashe zafi daban. Propofol, wani farin magani mai kama da madara da ake turawa ta jijiyar ƙafar gaba, yana sa karya barci cikin abin da bai kai minti ɗaya ba, kuma tana farfaɗowa da wuri, amma ba ya kashe zafi. Tana kwance ba ta motsi, jijiyoyinta kuwa suna ta aika saƙon ciwo. Muna ganin hakan a kan tebur: da zarar an ja igiyar da ke riƙe da ƙwan mahaifa, wanda shi ne wurin da ya fi zafi a duk aikin, sai bugun zuciya ya hau, numfashi ya ƙaru. Ciwon da aka bari ya shiga haka yana da wuyar kwantarwa bayan ta farka.

Don haka tun kafin wuƙa ta taɓa fata ake ba da maganin zafi mai ƙarfi irin su morphine ko buprenorphine, tare da mai kwantar da hankali. Wasu likitocin suna ƙara lidocaine, allurar da ke kashe zafin wurin da aka yi ta, a daidai wurin yanka. Amfanin haɗa su shi ne kowanne sai a ba da kaɗan, propofol ɗin ma ya ragu, wanda dama idan aka tura shi da sauri yana tsayar da numfashi na ɗan lokaci, yana kuma sa ƙarfin gudun jini ya yi ƙasa. A wuraren da babu injin iskar barci, an fi dogara da ketamine haɗe da xylazine ko diazepam. Ketamine yana rage zafi, amma shi kaɗai yana sandarar da jiki, xylazine kuma yana rage bugun zuciya. Ko da wanne aka yi, ki tambaya ko za a bar robar allura a jijiya da ƙarin ruwa, kuma wa zai tsaya yana lura da numfashinta yayin da likita ke yanka.

Tambaya: Karyata ta farauta ce, doguwa siririya. Akwai bambanci? Daga wani mafarauci a Tawa.

Amsa: Akwai, Malam. Karnukan farauta marasa kitse irin azawak suna daɗewa ba su farka ba idan aka yi amfani da thiopental, wata allurar sa barci, don haka propofol ya fi dacewa da su. Sanyi kuma yana kama su da sauri a barci. Ka zo da bargo.

Tambaya: An yi wa tawa aiki jiya, tana ta kuka. In ba ta ibuprofen ɗin da nake sha? Daga wani ɗalibi a Kano.

Amsa: A'a ɗana, don Allah kada ka ba ta. Ibuprofen da diclofenac suna iya huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Paracetamol ma sai likita ya auna, kyanwa kuwa kashe ta yake yi. Abin da aka saba rubutawa shi ne meloxicam ko carprofen na 'yan kwanaki, a ba ta bayan ta ci abinci, kuma ba a haɗa su da dexamethasone, wani maganin kumburi. Tramadol na baki shi kaɗai ba ya wadatarwa a kare.

Kukan daren farko wani lokaci magagin magani ne. Amma idan tana tsayawa a tanƙware, tana haki, ta ƙi abinci, ko ta kai cizo in an taɓa cikinta, ciwo ne, ka kira likitanka yau. In ka ɗaga leɓenta ka ga dasashi ya yi fari, ko ciki yana kumbura, ko jini yana ɗiga, wannan na gaggawa ne, ka ɗauke ta nan take. Ka hana ta lasar wurin da tsalle-tsalle har a cire zare, bayan kwana 10 zuwa 14.